Zaurancen na'ura da rabon gado: misali daga kwarin Komadugu

1. Gabatarwa

A kwarin Komadugu Yobe, daga Difa zuwa Boso, cinikin tattasai ya dogara ga bashi da amana. A da ana riƙe su a littafi ko a bakin shaidu. Yau da yawa suna cikin salula: kuɗi a Airtel Money, alƙawarin dillali a saƙon murya na WhatsApp. Tun hare-haren Fabrairu 2015 iyalai da dama sun warwatse, har salula takan zama ita kaɗai ce shaida. Wannan ƙasida za ta duba yadda ake kulle waɗannan bayanai, da abin da kullen yake jawo wa magada.

2. Kalma da ma'ana

Abin da Faransanci ke kira chiffrement ya samo asali daga Larabci sifr, tushen da ya ba Hausa sifiri. A nan za mu kira shi zaurancen na'ura. Mai zaurance yakan juya gaɓoɓi, gida ya koma dagi, don kada bare ya gane. Amma wanda ya gano ƙa'idar sau ɗaya ya gano ta har abada. A 1883 Auguste Kerckhoffs ya nuna mafita: a bar ƙa'ida a fili, sirri ya zauna cikin mabuɗi kaɗai. Haka tsarin AES na 2001 yake: an wallafa yadda yake aiki, amma in ba mabuɗi, rubutun tarkace ne.

3. Kulle iri biyu

Ya kamata a bambanta abu biyu.

(a) Kullen da kamfani ke iya buɗewa. Lambar sirri ta asusun salula ƙofa ce kawai. Lissafin kuɗin yana wurin kamfani. Magada suna iya nema da takardar mutuwa da ta shaidar gado daga kotu.

(b) Kullen da ba mai buɗewa sai mai mabuɗi. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamfanin kansa ba ya karanta su. Haka ma kuɗin Bitcoin da mutum ya ajiye da kansa. A nan hukuncin alƙali ba ya maye gurbin mabuɗi.

Wato kullen da ya hana ɓarawo shi ne zai hana maraya. Ga shi kuma shari'a ta sa biyan bashi gaban wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, sa'an nan a raba gado. In ba a san bashin ba, rabon bai inganta ba.

4. Ajiyar mabuɗi

Rubuta mabuɗi cikin wasiyya kuskure ne, domin duk wanda ya karanta ta ya mallaki dukiyar tun mai ita na da rai. Wasiyya ta faɗi abin da ake da shi da wanda aka ba amana, mabuɗi kuwa ya zauna dabam. Google tun 2013, da Apple tun 2021, sun ba da damar naɗa wanda zai karɓi bayanai bayan mai asusu.

A 1979 Adi Shamir ya fito da lissafin raba sirri kashi-kashi, yadda sai an haɗa adadin da aka ƙayyade zai buɗu. Ana iya kwatanta shi da takarda: a yanka kalmar sirri uku, A, B, C, a ba wa AB, ƙane BC, liman AC. Kowane biyu sun isa, ɗaya bai isa ba. Sai dai kalmar ta zama doguwa, domin kowa ya riga ya san kashi biyu cikin uku. Lamba mai alƙaluma 4 ba ta jure wannan.

5. Kammalawa

Zaurancen na'ura yana tsare dukiya, amma ba ya sanin magaji, mabuɗi kawai ya sani. Saboda haka tanadin mabuɗi ya shiga cikin abin da mai wasiyya zai shirya tun yana da lafiya, a gaban shaidu waɗanda ba su zaune gari guda.