Gangar Fata da Gangar Lantarki

A Matamaye, kamar a sauran garuruwan ƙasar Damagaram, kowane kiɗa da mai shi. Manoma suna da gangar noma, wadda ake kaɗa musu ranar gayya. Mahauta suna da kalangu. Tambari kuwa na sarki ne, ba a kaɗa wa talaka shi. A zamanin nan an samu wata baƙuwa, ita ce gangar lantarki. Samari masu son kiɗan zamani sukan tambaya: wace ce ta fi? Kafin a ba da amsa, sai a san yadda kowace take aiki.

Yadda gangar fata take

Masassaƙi ne yake fafe itace ya yi kangon ganga. Daga nan a rufe bakin da fatar akuya, a ɗaure tamau. Idan makaɗi ya buga da gula, fatar ta yi rawa, iskar da ke cikin kango ita ma ta yi rawa. Wannan rawar ita ce amon da kunne yake ji. Babbar ganga tana da babbar murya, ƙarama tana da siririya.

Fata tana jin yanayi. Da damina takan sha laima ta saki, sai makaɗi ya shanya ta a rana ko ya kanga ta kusa da wuta. Da hunturu takan bushe ƙwarai, wani lokaci har ta tsage.

Gangunan da ake gani wurin makaɗan zamani ƴan uwanta ne. A Amurka aka fara jera su wuri guda, tare da faya-fayan ƙarfe, don mutum ɗaya ya kaɗa su duka da hannu da ƙafa. Su ma ba ruwansu da lantarki, ko da yake yawancinsu leda mai kauri ce a bakinsu maimakon fata.

Yadda gangar lantarki take

Gangar lantarki ba ta da kango mai amo. Faya-fayai ne na roba ko na raga. Idan aka buga su babu wuta, ba abin da za a ji sai ƙwas-ƙwas. A ƙarƙashin kowane faifai akwai ɗan ƙaramin abu mai jin bugu. Shi ne yake aika saƙo ta waya zuwa wani akwati da ake kira ƙwaƙwalwa. A cikin ƙwaƙwalwar nan aka adana muryoyin ganguna iri-iri. Ita ce take zaɓo murya ta tura wa lasifika. Ke nan gangar fata da bakinta take magana, ta lantarki kuwa aron baki take yi.

A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya fito da gangar lantarki mai faya-fayai masu kusurwa 6, ta yi suna ƙwarai. A 1997 kamfanin Roland na Japan ya kawo masu fuskar raga, waɗanda suka fi kama da fata a hannu. A Nijar ma kiɗan lantarki ya daɗe. Tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa a kaset a Yamai, da wani abin kiɗa mai kama da piyano. Yau yawancin waƙoƙin fina-finan Hausa, gangar da ake ji a cikinsu daga piyano ko kwamfuta take fitowa.

Amfanin kowace

Gangar lantarki tana da amfani. Mai koyo yana iya sa abin ji a kunne ya yi ta kiɗa da dare, maƙwabta suna barcinsu. Ana ƙara mata murya, ana ragewa. Laima ba ta canza amonta. Ɗaukar kiɗanta a kwamfuta ba wuya.

Amma idan wuta ta ɗauke, ta zama kurma. Ƙurar hunturu tana shiga wayoyinta, zafin bazara yana lalata robarta. Ba a ƙera ta a ƙasarmu. Daga waje ake kawo ta, a biya kuɗin mota da na duwan. Idan ƙwaƙwalwarta ta mutu, samun mai gyara sai an yi tafiya. Gangar fata kuwa, idan ta fashe, fata tana wurin mahauta, mai ɗauri yana cikin gari. Ana rataya ta a kafaɗa a tafi gona ko filin kokawa.

Kalangu yana magana

Akwai aikin da gangar lantarki ba ta kai kalangu ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. Ku faɗi "wuya" na jiki, ku faɗi "wuya" ta wahala. Baƙaƙen ɗaya ne, amma murya ta bambanta. Kalangu yana da tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan. Idan makaɗi ya matse shi a hammata, murya ta hau. Idan ya sassauta, ta sauka. Da haka yake bin karin magana, har ya kaɗa taken mutum, mai shi ya ji daga nesa ya san da shi ake. Da kalangu Mamman Shata na Katsina ya yi waƙoƙinsa har rasuwarsa a 1999.

Wannan sani ba a adana shi a akwati. Yaro yana koyonsa wurin ubansa ko maigidansa, shekara da shekaru. Idan masu biki suka daina kiran makaɗa, makaɗi zai rasa abinci, ɗansa ya kama wata sana'a, taken mutanen gari ya ɓace.

Kafin a saya

Mai son gangar lantarki ya tambayi kansa abu 4. Akwai wuta ko sola a inda zai yi kiɗa? Yana da kuɗin lasifika, bayan kuɗin ganga? Wa zai gyara ta idan ta lalace? Wane kiɗa yake so ya yi? A wurin mai sayarwa, ya buga kowane faifai a hankali, ya kuma buga da ƙarfi. Ta kirki tana bambanta bugun biyu. Bayan saye, ya riƙa rufe ta da zane saboda ƙura.

Ga mai ɗaukar waƙa a ɗaki, ta lantarki ta dace. Ga gayya da kokawa da hawan salla, ta fata ce. Kuma wanda hannunsa ya faɗa da kiɗan gida, kowace aka ba shi zai iya.

Tambayoyi

1. Me ya sa makaɗi yake kanga ganga kusa da wuta?
2. Mene ne aikin ƙwaƙwalwa a gangar lantarki?
3. Yaya kalangu yake canza murya?
4. Ku tambayi wani makaɗin unguwarku sunayen sassan gangarsa, ku rubuta su.