Apricot: Sunan da Ya Ratsa Andalus Kafin Ya Isa Ingila

A watan Afrilun 2025 wani matsanancin sanyi ya sauka a Turkiyya, ya ƙone furen itatuwa a Malatya, lardin da ya fi ko'ina a duniya fitar da busasshen apricot. Farashi ya tashi. Da yawa cikinmu muka ji labarin muka kau da kai, wai ai kayan marmarin Turawa ne. To, ko sunan ma Turawan Ingila aro suka yi.

Ɗan itacen bai wuce girman lemon tsami ba, ruwan goro ne, da ƙwallo ɗaya a ciki, asalinsa kuwa tsakiyar Asiya da ƙasar Sin. Rumawa suka kira shi praecoquum, wato mai nuna da wuri, don yana riga 'yan'uwansa nuna. Girkawa suka karɓa, daga bakinsu Larabawa suka mai da shi al-barƙuƙ.

Nan ne tarihin da ake tsallakewa yake. Musulmi sun shiga Andalus, a yankin Sifen ta yau, a 711, ba su rasa Garnaɗa ba sai 1492. A tsakanin nan suka raya gonaki da magudanan ruwa, sunayen amfanin gona suka zauna a bakin mutanen ƙasar. Al-barƙuƙ ya koma albaricoque a Sifaniyanci, Faransawa suka ce abricot, sai a ƙarni na 16 ya shiga Ingilishi. Wannan "al" da suka haɗiye tare da sunan, ita ce tamu ta albasa da alkama. Har yau magajin gari a Sifen alcalde ake ce masa, tushensa ɗaya da alƙalinmu. Su kuwa Larabawan yau mishmish suke ce wa ɗan itacen, da shi mutanen Sham ke yin ƙamaruddin, abin shan buɗa-baki.

A Ishbiliya, cikin ƙarni na 12, Ibn al-Awwam ya rubuta Kitab al-Filaha, ya bayyana noman ɗaruruwan tsirrai, da aurar da itatuwa, da taki, da ban-ruwa. Mutanen Sifen sun fassara shi tun 1802. Mu da muke da Larabci a zaure da jami'a, me muke jira? Abin takaici ne ɗalibi ya haddace nahawu amma bai taɓa jin sunan malamin nan ba.

Sassan Larabci da na aikin gona a jami'o'inmu su haɗa kai su fassara littafin nan zuwa Hausa, masu noman rani su amfana.