IDAN INJIN TACE RUWA YA TSAYA, KADA A YI GAGGAWAR ZUBA KIFI

A manyan gidaje da otal-otal na Ikoyi da Victoria Island da Lekki, har ma da Fatakwal, akan ga akwatin gilashi a falo cike da ruwa, kifaye masu launi iri-iri suna ta kai da kawowa a ciki. Mai gida shi ke sayen kayan, amma sau da yawa kula da su yakan faɗa hannun kuku ko maigadi, kuma da dama daga cikin masu waɗannan ayyuka mutanen Arewa ne. Kifin ruwan gishiri kuwa ba arha gare shi ba, domin yawancinsa daga tekun Indonesiya da Filifin ake kamo shi. Ran da aka wayi gari ya mutu, ma'aikaci ake fara tuhuma, alhali sau tari laifin na injin tace ruwa ne da ya tsaya tun ana cikin haɗa tankin.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin wannan inji bai wuce na rariya ba, watau tare datti. To, aikinsa ya fi haka. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya ta huhunsa na ruwa, haka nan kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. A jikin soso da duwatsun da ke cikin injin akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke juya wannan guba zuwa wani abu mai sauƙin illa. Ƙwayoyin nan ba sa rayuwa sai ruwa mai iska yana bi ta kansu dare da rana, kuma a sabon tanki sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Saboda haka ruwa yana iya yin garau kamar hawaye amma guba ce zalla.

Idan inji ya tsaya, ko ya kama ƙara yana karkarwa, abu na farko shi ne a zare wayarsa daga bango kafin a sa hannu cikin ruwa, gama ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba. Daga nan sai a buɗe a duba wata 'yar farfela mai maganaɗisu da ke juyawa tana tura ruwa. Ita ce ta fi ba da matsala, domin ƙwayar yashi ɗaya ko ɓawon farin nan da ruwan teku ke bari ya isa ya maƙale ta. A jiƙa ta cikin ruwan khal, a goge, a ɗauraye sosai, a mayar. In ta tsage sai an sake wata. Wani lokaci kuma iska ce ta shiga tiyo ta hana ruwa hawa, sai a cika injin da ruwa kafin a kunna. Injin da aka bari yana juyawa ba ruwa ƙonewa yake yi.

In gyara zai ɗauki lokaci, a kwashe soson da duwatsun a sa a bokitin da aka ɗebo ruwan tankin, ko a jefa su cikin tankin kansa. Kada a kuskura a wanke su a famfo, domin maganin kilorin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin nan, aikin makonni ya tashi a banza. In kuwa injin ya daɗe a rufe har aka ji yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to ruwa ba ya tsami banza: iska ta ƙare a ciki. A zubar da ruwan cikinsa waje, kada a bari ya koma tanki.

Idan ba a riga an zuba kifi ba, an ci sa'a, sai a dakata har gwaji ya nuna babu amoniya. In kuma akwai kifi, a daina ba shi abinci, kwana biyu ba za su kashe shi ba. Rashin iska shi ne abin tsoro, domin ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, balle ga zafin Ikko. A sa ƙaramin injin hura iska mai batir, in babu a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama a kai a kai. Sannan a sauya wani kashi na ruwan da sabo wanda aka haɗa da gishiri na musamman da ake sayarwa don haka, kimanin giram 35 a kowace lita ɗaya, kamar yadda ruwan teku yake. Gishirin miya ba ya yi. Ruwan gulbin da ke ƙarƙashin gadojin Ikko ma ba ya yi, don gishirinsa yakan ragu da damina, ga kuma ƙazanta.

Ɗauke wuta daidai yake da lalacewar inji, kuma wasu injinan ba sa tashi da kansu bayan wuta ta dawo, don haka sai an leƙa an ga ruwa yana gudu. Mai gidan da ya kashe kuɗi ya sayi tanki ya kamata ya ajiye farfela ta biyu da injin iska mai batir. Shi kuma ma'aikaci, da zarar ya ga ruwa ya tsaya cik, ko kifi ya taso sama yana haki, ya gaya wa mai gida nan take, ko da tsakar dare ne, kada ya jira gari ya waye.