Siririn katakon da ke rufe haɗi a ɗakin kwantena, da abin da ke ɓoye a bayansa

  

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau ƙaramin abu ne a ido, watau siririn katakon nan, ko na roba, ko na alminiyam, wanda ake bugawa a kan haɗin alluna a cikin ɗakin harhaɗawa domin ya rufe tsaga, ya kuma yi wa ɗaki ado. Faɗinsa bai wuce yatsa biyu ko uku ba, mai sayen ɗaki kuwa ba ya ko tambayarsa. To, mu mun yi hasarar wake ta dalilinsa, shi ya sa muka ga ya wajaba mu faɗa wa 'yan'uwa, kada wani ya faɗa ramin da muka faɗa.

Da farko mu san ɗakin da muke magana. Iri biyu ne suka yawaita a kasuwanninmu, tun daga Dawanau har ƙananan kasuwannin ƙauye. Akwai kwantenar jirgin ruwa wadda aka daina dako da ita, mai walda ya fasa mata taga, kafinta ya shafe cikinta da alluna. Asalin dakon kaya da irinta daga Amurka ne, a shekarar 1956, lokacin da wani mai motocin dako, Malcom McLean, ya loda guda 58 a jirgi ɗaya. Akwai kuma ɗakin da ake ƙerawa a masana'anta a kawo shi a tirela a ajiye, wanda mutane ke kira fotakabin. Sunan wani kamfani ne na Ingila, Portakabin, da ya fara wannan aiki a 1961, sai sunan ya bi kowane ɗaki irin wannan. Dukkan biyun abu ɗaya ya haɗa su: bangonsu na ciki alluna ne aka jera, kowane allo kuwa yawanci ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Ke nan duk bayan ƙafa 4 sai ka sami haɗi.

Wani zai ce, me ya hana kafinta ya matse allunan gam, ya shafe su ya yi fenti, a huta? Amsa ita ce katako yana numfashi. Da damina yana shan laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, wanda duk ya taɓa kokawa da ƙyauren ɗakinsa a watan Agusta ya san wannan. Sa'an nan ɗakin kansa ba a kafe yake ba, ana ɗaga shi, ana ɗora shi a mota, yana shan gargadar hanya. In an matse allunan za su tanƙware, in an shafe haɗin zai tsage. Saboda haka gwanin kafinta yakan bar 'yar tsaga tsakanin allo da allo da gangan, sa'an nan ya rufe ta da siririn katako. Akwai na tsaye a kan haɗin bango, akwai na kusurwa, akwai na sama inda bango ya gamu da silin, akwai kuma na ƙasa inda bango ya gamu da daɓe. Har nan babu laifi, aiki ne na hikima, kuma ɗaki yana yin kyau da shi.

Ga lissafi ga mai son ya yi ciniki da kafinta. Ƙaramar kwantena ƙafa 20 ce a tsawo, ƙafa 8 a faɗi, cikinta ya ɗan gaza haka kaɗan. Kowane dogon bango zai ci allo 5, bangon ƙurya allo 2, silin allo 5, jimla allo 17 ban da ƙofa. Haɗin da ke tsakaninsu 13 ne, kowanne kusan ƙafa 8. In ka ƙara kusurwa biyu na ƙurya, da layin sama da na ƙasa kewaye da bango uku, za ka tarar abin ya haura ƙafa 200. In sandar ƙafa 12 ake sayarwa a wurinku, kana bukatar kamar 18, ka sa 20 saboda yanke-yanke. Wanda ya ce maka 40 zai saya, ka tambaye shi ina zai kai sauran. Amma ka lura da wannan lissafi ta wata fuska: ƙafa 200 na tsaga ke nan a cikin ɗan ɗakin da za ka zuba dukiyarka, duka a rufe, idonka ba ya gani.

Mu da aka haifa a gidan noma mun tashi mun ga rufewa, rumbun ƙasa da iyayenmu ke ginawa. Ba ta da haɗi ko ɗaya, daga gindi har wuya jiki ɗaya ne. Kafin a zuba sabon hatsi sai an share ta tas, an duba ko ta tsage, an yaɓe. Iyayenmu ba su karanta ilmin ƙwari ba, amma sun san ƙwaro ba ya kwana a fili, tsaga yake nema. Mu kuma muka zo muka sayi ɗaki mai tsaga ta ko'ina, muka ga fenti yana ƙyalli, muka manta da abin da muka gada.

Ga yadda ta kasance da mu. Wata kaka muka karɓi hayar wata kwantena da aka gyara, domin sitonmu ya cika. Mun shiga mun duba, sabon fenti, an share daɓe, siraran katakon nan an jera su kamar zanen hula. Ba mu tambayi abin da aka ajiye a ciki bara ba. Muka zuba farin wake sabon ɗauka, busasshe, wanda muka tauna da haƙorinmu kafin mu saya. Bayan wata biyu yaronmu ya buɗe ya dawo ya ce, Alhaji, zo ka gani. Buhunan da ke jingine da bango sun yi ƙwari, wake ya huhhuje, in ka sa hannu sai gari. Muka kira kafinta ya ɓamɓare katakon ƙasa, sai ga tsohon wake na bara ya cika bayansa, ya gangara ta tsaga ya taru, tsintsiya ba ta kai gare shi. A nan ƙwarin suka yi zamansu suna jiran baƙo. Ƙwaron wake kuwa a cikin zafi mako 3 zuwa 4 ya ishe shi daga ƙwai ya zama babba ya sake yin wani ƙwan. Muka sayar da abin da ya saura da araha, muka yi innalillahi, muka ce mun sayi karatu.

Akwai wanda ya fi wannan ƙwaro naci. Dattawan da suka yi aiki a dalar gyada ta Kano sun san wani ɗan ƙwaro da masana ke kira kafra, wanda ya addabi ajiyar gyada a wancan zamani. Tsutsarsa mai gashi-gashi ce, takan shige tsagar bango ko ta katako ta lafe, ta yi fiye da shekara ba ta ci komai ba, ranar da aka kawo sabon kaya ta fito. Bayan siririn katako kuwa gida ne da aka gina mata kyauta. Haka kyankyaso, haka gara in ɗakin yana zaune a kan ƙasa ba a ɗaga shi ba, haka ɓera in ya sami rami tsakanin allo da ƙarfe.

Abu na biyu shi ne ruwa. Kwantena ƙarfe ce, da rana ta ɗauki zafi, da dare ta huce. Danshin da ke cikin iska, da wanda hatsi ke fitarwa, sai ya taru a jikin ƙarfen kamar raɓa, ya gangara ta bayan alluna. Wurin da yake fara nunawa shi ne haɗi, wurin kuwa an rufe shi. Kafin ka ga tabo a fili, katako ya riga ya ruɓe ta ciki, ƙarfe ya yi tsatsa, buhun da ke jikin bango ya yi hunhuna. Masana ajiya suna cewa masara da dawa kada danshinsu ya wuce kamar kashi 13 cikin 100 in za a adana su. Wanda ya zuba wadda ba ta gama bushewa ba a cikin kwantena ya rufe, shi ya kawo ruwan da kansa.

Abu na uku ya fi biyun nauyi, domin rai ne. Da yawanmu muna sa ƙwayar maganin nan ta Phostoxin a cikin buhuna. Ƙwayar tana fitar da iskar guba, iskar ce ke kashe ƙwaro, tana kuma kashe mutum. Aikinta ba ya cika sai wuri ya toshe sosai, an bar shi a rufe ba kasa da kwana 5 ba. To, mutum ya ga an rufe kowane haɗi da katako mai kyau sai ya ɗauka ɗaki ya toshe. Wallahi bai toshe ba. Katakon ido kawai yake tarewa, iska tana wucewa ta bayansa yadda ta ga dama. Hasara biyu ke nan: guba ta zurare ƙwari ba su mutu ba, sa'an nan in ɗakunan a jere suke, bangon allo ɗaya ya raba su, ta shiga wurin maƙwabci. Maigadi nawa ke kwana a ɗakin da ke manne da sito? Yaran shago nawa? Kada wanda ya sa wannan magani alhali akwai mai kwana ko mai wuni a ɗakin da ke jikinsa. Wanda kayansa wake ne, buhun nan mai ninki uku da ba ya shan iska ya fi masa kwanciyar hankali, ba ya bukatar guba ko kaɗan.

Saboda haka ga shawararmu. In za ka sayi ɗaki ko ka karɓi haya, tafi da sukundireba da tocila. Roƙi mai shi ya bari a cire katako biyu ko uku, ɗaya na ƙasa, ɗaya na kusurwa, ɗaya na sama. Duba ko akwai tsohon hatsi, ko garin gunda, ko tabon ruwa, ko tsatsa. Sansana. Ka rufe ƙofa da rana kana ciki, duk inda haske ya shigo ruwa ma zai shigo. Wanda ya hana ka cirewa, ka yi masa sallama. Ka duba kuma farantin ƙarfen da ke jikin ƙofar kwantena, galibi akan rubuta maganin da aka sa wa katakon daɓenta, shi ya sa ba a zuba hatsi tsirara a kai, sai a buhu, a kan katakon shimfiɗa.

In kuwa sabon aiki za ka ba kafinta, ka raba ɗakin zama da ɗakin ajiya. Ofis, inda ake lissafi da karɓar baƙi, a yi masa ado yadda aljihu ya iya. Na katako ya fi araha amma gunda na cinsa, na roba ba ya ruɓewa amma zafi na sa shi ya karye in ya tsufa, na alminiyam ya fi su daɗewa ya kuma fi tsada. Ɗakin hatsi kuwa, in za ka iya, bar bangonsa a fili yadda ido da tsintsiya za su kai ko'ina. In ba makawa sai an sa alluna, a cike kowace tsaga da danƙon silikon mai lanƙwasa tukuna, sa'an nan a ɗora katakon a kai, a ɗaure shi da ƙusa mai murɗi domin ka iya cirewa duk kaka ka share. Kada buhu ya taɓa bango. A manyan sito akan bar kusan mita 1, a kwantena ko kamu ɗaya ka samu ka bari.

Sauran maganarmu ga masu gyaran kwantena su sayar, da mu kanmu in mun tashi sayar da tamu. Tun muna gaban malam aka karantar da mu labarin mai sayar da abinci da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tarin kayansa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma yi masa faɗa a kan ɓoye aibi. Mu 'yan hatsi mun fi kowa sanin wannan, domin a kan sana'armu abin ya faru. Wanda ya ga allo ya ruɓe a baki, ko ƙarfe ya huje, ya ɗora siririn katako a kai ya yi fenti ya sayar bai faɗa ba, hukuncinsa ɗaya da mai zuba tsakuwa a gindin buhu. A faɗi aibin, a rage kuɗi, a sami albarka.

Kaka ta kusa, masu neman wurin ajiya za su yi yawa, farashin haya zai tashi, mutane za su yi gaggawa. Muna roƙon shugabannin layuka su tunatar da mutanensu wannan magana, musamman ta maganin ƙwari da masu kwana a kasuwa. Allah ya tsare mana dukiyarmu da rayukanmu, ya ba mu ciniki na halal, ya sa mu gama lafiya. Amin. Haza wassalam.