Me Ya Kada Rufin Zauren Hartford?

Da misalin ƙarfe 4:19 na asubahin 18 ga Janairu, 1978, rufin babban zauren wasanni na birnin Hartford, hedikwatar jihar Connecticut a Amurka, ya rufto kan kujeru. Ƙarfe ne mai nauyin tan kusan 1,400, faɗinsa ƙafa 300, tsawonsa ƙafa 360, wato ya kai hekta guda. Awa shida kafin nan, mutum kusan 5,000 ne ke zaune a ƙarƙashinsa suna kallon ƙwallon kwando tsakanin jami'ar Connecticut da ta Massachusetts. Allah ya sa sun riga sun watse, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Ginin na hukumar birni ne, da kuɗin jama'a aka yi shi domin a farfaɗo da tsakiyar gari. A Janairun 1975 aka buɗe shi, ke nan shekara uku kacal ya yi yana aiki. Hukumar ta ɗauko kamfanin injiniyoyi na Lev Zetlin daga New York, ta ce a gano mata abin da ya faru.

Dusar ƙanƙara aka fara zargi, kuma ba a banza ba. A kwanakin an sha ta sosai, ga ruwan sama mai daskarewa a kanta, har ta yi nauyi a kan kowane rufi a garin. Sai dai da aka ƙiyasta nauyin da ke kan zauren a daren, an tarar bai kai abin da takardun zane suka ce rufin zai ɗauka ba. Hartford gari ne na sanyi, duk mai gini a can da lissafin ƙanƙara yake farawa. Ƙanƙara ta tura, amma abin da ta tura dama a karkace yake.

Aka koma kan aikin hannu. Akwai injiniyan da ya ɗora laifin a kan wata walda da ta riƙe allon maki a jikin rufin, ya ce daga nan ɓarakar ta fara. Maganar tana da daɗin ji, domin in ta tabbata, laifin ya zama na mai walda ɗaya, kowa ya huta. Amma ba ta amsa wata tambaya da masu bincike suka ci karo da ita a tsofaffin takardun aikin ba: me ya sa rufin ya lotsa tun shekara biyar kafin ya faɗi?

Ga yadda aka gina shi. Saƙar ƙarfe ce mai hawa biyu, sama da ƙasa, ƙarafan karkace suna haɗa su, duka a kan ginshiƙai huɗu tak, don kada wani ginshiƙi ya tare wa mai kallo gani. A ƙasa aka harhaɗa shi gaba ɗaya, sannan a farkon 1973 aka ɗaga shi da jak zuwa inda zai zauna. Tun yana ƙasa masu duba aiki suka lura wasu wurare sun lotsa fiye da kima, suka faɗa. Da aka ɗaga shi aka auna, sai lotsawar ta ninka abin da kwamfuta ta yi hasashe sau biyu. Aka sanar da injiniyoyin da suka zana shi. Amsarsu ita ce irin wannan bambanci tsakanin lissafi da zahiri ba abin damuwa ba ne.

Alama ta biyu ta fito daga hannun ɗan kwangilar da ke maƙala ƙarafan da za su riƙe allunan gefen rufin. Ramukan noti suka ƙi haɗuwa, saboda rufin ya sauka daga inda zane ya ce zai tsaya. Maimakon a dakata a tambayi dalili, sai aka yanke ƙarafan aka daidaita su da lotsawar, aiki ya ci gaba. Ta uku kuwa daga wani mutumin gari ta zo, wanda ya ɗaga kai ya ga rufin ya yi ciki, ya kai ƙorafi ga hukuma. Hukuma ta tambayi injiniyoyin, suka sake cewa lafiya lau. A nan ne zuciyata ta fi sosuwa da wannan labari. Sau uku ginin yana nuna ciwonsa a fili, kuma duk lokacin da aka yi tambaya, sai a mayar da ita ga mutanen da aikinsu ne ake tuhuma.

To, me ya sa ya lotsa? Masu bincike suka sake lissafa nauyin rufin kansa, suka ga masu zane sun rage shi da fiye da kashi 20 cikin 100. Kuskure ne babba, amma shi kaɗai ba zai kada gini ba, domin ana barin rara mai yawa a irin wannan lissafi. Dole akwai wani abu da ya cinye rarar.

A ƙarafan hawan sama aka same shi. A irin wannan rufi, ƙarafan ƙasa ja ake yi musu, na sama kuwa matse su ake yi daga kai da gindi. Ƙarfen da ake matsawa ba ya jira ya karye, lanƙwashewa yake yi. Ɗauki dogon karan dawa ka tsayar da shi, ka danna kansa: zai gantsare nan take. Sa wani ya riƙe tsakiyarsa ka sake dannawa, za ka ji ya yi tauri. Tun 1744 masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan: idan tsawon da ba a tallafa ba ya ninka biyu, ƙarfin ɗaukar kaya yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ƙarafan saman rufin Hartford tsawon ƙafa 30 ne. Masu zane sun ɗauka cewa ƙarafan karkace sun riƙe kowanne a tsakiya, don haka suka lissafa shi a matsayin mai ƙafa 15. A gefunan rufin kuwa, masu tallafin ta fuska ɗaya kawai suka riƙe shi, ta ɗaya fuskar yana sake, yana iya gantsarewa da dukkan tsawonsa. Ƙari a kan haka, mahaɗar da aka ƙera ba ta zauna daidai inda aka lissafa ba, ta ɗan goce, wanda ya ƙara rage amfanin tallafin. Siffar ƙarfen ma ba ta taimaka ba: ƙarafa huɗu masu kusurwa aka haɗa baya da baya suka yi kamar alamar tarawa, siffar da ke saurin lanƙwasa da murɗewa idan aka gwada ta da bututu mai nauyi ɗaya. Shi kuma murfin rufin, wanda da zai iya riƙe su, an ɗora shi ne a kan gajerun sanduna sama da su, bai kama su ba. Rahoton da kamfanin Zetlin ya fitar a 1978 ya ce wasu ƙarafan gefen gabas da yamma suna ɗauke da kaya da ya wuce ƙarfinsu da kashi 852 cikin 100, na kudu da arewa da kashi 213. Hukuncin rahoton shi ne rufin ya fara gazawa tun ranar da aka kammala shi. Ƙarfen da ya lanƙwashe yana tura kayansa ga maƙwabcinsa, shi ma ya tura gaba, a hankali, har daren da ƙanƙara ta ƙarasa aikin.

Kwamfutar fa? Ba ta yi ƙarya ba. An gaya mata cewa kowane ƙarfe a tallafe yake a tsakiya, ta yi lissafi a kan haka. Ba a sa ta duba lanƙwashewar da ke faruwa a zahiri ba. Illarta ita ce ta ba mutane tabbacin da ya sa suka fi yarda da takarda a kan abin da ma'auni ya nuna musu.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi shafar hukumar birni: wa ke sa ido? An raba aikin ga 'yan kwangila daban-daban, babu injiniya ɗaya da alhakin rufin gaba ɗaya ke wuyansa a wurin aiki. Mai zanen ginin ya ba da shawarar a ɗauki ƙwararren injiniya ya tsaya a kan aikin, manajan aikin ginin ya ƙi, yana ganin ɓarnar kuɗi ce. Sashen ba da izinin gini na birnin kuma bai sa wani injiniya na daban ya sake duba lissafin ba, alhali yakan nemi haka ga manyan gine-gine. A ganina wannan ne ramin da ya fi kowanne zurfi, domin injiniya na biyu da fensir da takarda zai iya gano batun ƙafa 15 da ƙafa 30 kafin a sare ƙarfe ko ɗaya.

Ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Whalers, wadda zauren yake gidanta, ta koma Springfield da wasa har aka sake gina rufin aka buɗe a 1980, da kujeru fiye da na da. Shari'ar diyya ta ɗauki kimanin shekara shida, daga ƙarshe aka sasanta a wajen kotu, don haka babu alƙalin da ya taɓa yanke wanda ke da laifi a cikinsu.