Shin shaho da shirwa barazana ce ga kajin gida a Jidda?

Hausawa na cewa kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san yadda tsakar gida ke hargitsewa da zarar inuwar tsuntsu ta gifta: uwa ta buɗe fukafukai, 'yan tsaki su watse, yara su hau ihu.

Wannan fargaba ta biyo Hausawa har Saudiyya. A Mahjar da ke kudancin Jidda, kusa da tashar jiragen ruwa, da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, 'yan asalin Afirka ta Yamma sun daɗe da zama. Rusau ɗin da hukumomi suka fara a ƙarshen 2021 ya shafe unguwanni irin su Karantina da Gulail da Batrumin, ya kuma mayar da iyalai da dama gidajen haya na bene. Ga wanda har yanzu yake da ɗan fili ko saman soro da yake ajiye kaji da tantabaru, tambayar ita ce: wane tsuntsu ne abin tsoro, kuma ina iyakar ɓarnarsa?

Shirwa daban, shaho daban

Sau da yawa akan haɗa su a suna ɗaya, alhali halayensu sun sha bamban.

Shirwa, wadda ake gane ta da wutsiya mai baki biyu, tsuntsuwar tsince-tsince ce. Abincinta mushe ne da fara da ɓeraye da ragowar mahauta, shi ya sa take yawan shawagi a kan juji. Nauyinta bai cika kai kilo ɗaya ba, ƙafafunta kuma ba su da ƙarfin damƙa sosai. Kazar gida da ta girma takan kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, saboda haka ta fi ƙarfin shirwa. Tsako kuwa, wanda ke fitowa daga ƙwai bayan kwana 21 da nauyin da bai wuce giram 40 ba, sura ɗaya ya ishe shi.

Shaho mafarauci ne na gaske, mai kama abu da ransa. Ƙananan nau'o'insa sun fi bin ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye, amma manyan na iya kashe budurwar kaza su ci ta a nan take ba tare da sun tashi da ita ba. A cikin birni, tantabarar da aka saka tana shawagi ta fi kaza shiga haɗarinsa, domin shaho ya fi ƙwarewa wajen bugu a sama.

Yaushe haɗarin ya fi yawa?

Jidda na kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ƙaurar tsuntsaye a duniya. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, dubban ɗaruruwan tsuntsaye masu farauta daga Turai da Asiya kan gangaro ta yammacin yankin Larabawa, su tsallaka Bahar Maliya ta mashigin Babul Mandab zuwa Afirka. Yawancinsu wucewa suke yi, kuma sun fi bin tsaunuka a kan tsakiyar gari. Duk da haka, a waɗannan watanni ne mai kiwo a bayan gari ya kamata ya ƙara sa ido.

Ta fuskar shekarun kaji kuwa, makonni shida zuwa takwas na farko su ne mafi hatsari. Da zarar tsako ya yi gashi ya yi nauyi, shirwa ta fita daga lissafi.

Ɓarawon da ba a zargi

Tsuntsun da ya fi kusa da akurki a Jidda shi ne hankakan Indiya, wanda ba shi da farin ƙirji irin namu na ƙasar Hausa. Baƙo ne da ya bazu a garuruwan gaɓar Bahar Maliya ta hanyar bin jiragen ruwa, ya kuma hayayyafa a inda shara ta yawaita. Yana fasa ƙwai, yana ɗaukar 'yan tsaki, kuma a ƙungiya yake aiki: wani ya ɗauke hankalin uwa, wani ya sure. Ɓarnarsa ta sa Cibiyar Kula da Namun Daji ta Saudiyya ta ƙaddamar da aikin rage yawansa a tsibiran Farasan.

Sai kuma kuliyoyin titi da ɓeraye, waɗanda ke ɓarna da dare. Fiye da su duka akwai zafi da cuta. A watan Yunin 2010 zafin Jidda ya kai maki 52 a ma'aunin Salshiyas, ita kuwa kaza ba ta gumi, haki kawai take yi. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle na iya share akurki cikin 'yan kwanaki, abin da babu shahon da zai iya.

Me ya sa bai kamata a kashe su ba?

A Saudiyya shaho tsuntsu ne mai martaba. Hukumar UNESCO ta sanya farauta da shaho cikin al'adun gado na duniya a 2010, kuma Saudiyya na cikin ƙasashen da aka ambata. A gwanjon da ƙungiyar masu shaho ta ƙasar ke shiryawa duk kaka, ana sayar da tsuntsu ɗaya kan dubban ɗaruruwan riyal.

Dokar muhalli ta ƙasar ta haramta farauta ko kama namun daji ba tare da lasisi ba, akwai kuma jami'an tsaro na musamman da ke bibiyar masu karya ta. Ga baƙo mai zama da iƙama, harbin tsuntsu ko ɗana masa tarko na iya janyo tara da ta ninka kuɗin kajin sau da yawa. Guba ta fi muni: takan kashe kuliyoyi da tsuntsayen da ba su ji ba su gani ba, ga kuma yara a gida. Bayan haka, shirwa da mujiya na rage ɓerayen da ke cin tsabar kajin.

Mece ce mafita?

Kariya mafi inganci ita ce rufi. Ragar waya mai ƙananan idanu a saman inda kaji ke kiwo na tare shirwa da hankaka da kyanwa baki ɗaya, idan kuma aka ɗora mata rumfa ta ba da inuwa. Tsohuwar dabarar kifa kwando a kan uwa da 'ya'yanta har yanzu tana aiki.

A riƙa kwashe ƙwai da wuri, a rufe shara, kada a bar ragowar shinkafa a fili, domin abinci ne ke kiran hankaka. Zakara ma na taimakawa, tunda kukan da yake yi idan ya hango abu a sama ya bambanta da wanda yake yi wa abin da ke tafe a ƙasa, kuma kaji na gane bambancin. Sai dai cararsa na iya damun maƙwabta, don haka ya kyautu a san ƙa'idar baladiyya kan kiwo a unguwa kafin a fara.

Kazar da ta girma, take da wurin fakewa, ba ta da abin tsoro sosai daga sama. Tsako ne ke buƙatar tsaro, na wata biyu kacal.