SAFAR HANNU TA MAI MOTO: WACE ZA A SAYA?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau moto ya shiga ko wane gari. Da shi ake kai mara lafiya gidan likita. Da shi ake zuwa kasuwa da hatsi ko da akuya. Samari da yawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cin abinci da kabu-kabu. An sha yi mana bayanin hular kwano, kuma gaskiya ne, ita ce ta farko. Yau za mu yi maganar hannu.

Me ya sa hannu?

In mutum ya faɗi, ba ya shawara. Hannu yake miƙawa ya tare ƙasa. Mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya. In ya faɗi da wannan gudu bisa kwalta ko tsakuwa, tafin hannunsa zai goge ƙasa har fata ta saluɓe.

Hannu ɗaya yana da ƙashi 27. Daga cikinsu 8 ƙanana ne, suna wuyan hannu. Akwai ɗaya a gindin babban yatsa wanda yake yawan karyewa in an faɗi bisa tafi, kuma yana daɗewa bai ɗoru ba. Manomin da ya ji wannan ciwo a farkon damina, wa zai riƙe masa hauya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Safar hannu ba ta hana karaya ko yaushe. Amma tana kare fata da nama, tana rage ƙarfin bugu, tana hana hannu zamewa daga kan moto.

Wadda ba ta da amfani

Safar ulu ta sanyi tana yagewa nan take, kuma tana da santsi. Safar roba ta ma'aikatan likita ba ta kare komi a hanya. Wadda aka yanke wa yatsu tana barin yatsu a fili, alhali su ne suke kama birki. Kada mu ɓata kuɗinmu a kansu.

Abu 5 da za a duba a kasuwa

1. Tafi. Ya zama na fata. In an ninka fatar a gindin tafi, ya fi kyau, don nan ne yake fara taɓa ƙasa. Fatar akuya tana da laushi, tana da ƙarfi, shi ya sa masu yin safar moto suke son ta. Mu a nan mun san darajarta, tun da fatar jar akuya ta Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje. A lura: akwai roba mai kama da fata. In an kankare ta da farce sai ta ɓare.

2. Ɗinki. A ja tsakanin yatsu da ƙarfi. In zare ya buɗe a hannun mai saye, a kwalta ma zai buɗe. Ɗinki biyu a jere ya fi ɗaya.

3. Maɗauri. Wannan shi ne abin da mutane suka fi mantawa. A sa safar, a ɗaure wuyan hannu, sannan a ce wa wani ya ja ta daga yatsu. In ta fita, a aje ta. Safar da ta tuɓe lokacin faɗuwa, daidai take da babu.

4. Bayan hannu. A sami abin kariya bisa gaɓoɓin yatsu, mai tauri ko mai kauri. A dunƙule hannu a ji. In yana soka, ba ita ba ce.

5. Awo. Kada ta matse har jini ya tsaya, kada ta yi yawa har bakin yatsu ya lanƙwashe. In da hali, a kama kan moto da ita, a ba da wuta, a matsa birki, a danna oda. In hannu yana jin komi sosai, ta yi.

Abin da aka rubuta ciki

Ga amfanin karatu. A cikin safar da aka gwada a Turai akwai ɗan ƙyalle mai haruffa CE da hoton mutum bisa moto. Za a ga lamba EN 13594, wato ƙa'idar gwaji da aka sabunta a 2015. Za a ga kuma 1 ko 2. Mai lamba 1 ta jure gugar injin gwaji daƙiƙa 4. Mai lamba 2 ta jure daƙiƙa 8, kuma wuyanta ya fi tsawo. Haruffa KP suna nufin an gwada kariyar gaɓoɓin yatsu. A Faransa, tun watan Nuwamba na 2016, doka ta tilasta wa mai tuƙa moto da wanda ya goya su sa irin wannan safa.

Amma akwai ƙyallen jabu. Saboda haka, ko an ga rubutu, a yi gwajin nan 5. A kayan gwanjo ana samun mai kyau da sauƙin kuɗi, sai dai a duba kada fatar ta bushe ta tsattsage.

Bazara, damina da ɗari

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce awo 40. A lokacin ne mutane suke tuɓe safa su sa aljihu. Maganin wannan shi ne safar fata marar kauri mai ƙananan huji a bayan hannu, don iska ta shiga. Tafi kam ya zauna da fatarsa.

Da damina hanya tana santsi, faɗuwa tana yawa. In safa ta jiƙe, a shanya ta a inuwa. Kada a gasa ta a wuta, kada a bar ta a rana, sai ta ƙandare. In ta bushe, a shafa mata ɗan man kaɗe kaɗan a baya. Kada a shafa a tafi, don kada ta yi santsi.

Da ɗari, a Disamba da Janairu, iskar asuba tana sandarar da yatsu. Yatsa mai sanyi ba ya saurin kama birki. A sa siririyar safar auduga daga ciki, ta fata daga waje. Wanda yake son safa ɗaya ta kai shi shekara, ya gwada ta tare da ta audugar tun a kasuwa.

In tsautsayi ya faru

A wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a fitar da ƙasa. Kada a zuba man birki, ko toka, ko ƙasa. A tafi gidan likita a ranar, a tambayi allurar tetanos. In gindin babban yatsa yana ciwo ko ya kumbura, a faɗa wa likita ko da babu jini. Safar da ta yage kuwa ta gama aikinta, a sake wata.

Ƴan uwa, kuɗin safa bai kai kuɗin magani ba, bai kai asarar damina ɗaya ba. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa ɗan kabu-kabun garinsu. Ranar kasuwa mai zuwa, ku tafi tare ku gwada.